Ku Tambayi Gwaggo Malama: Gishirin Maigida da Tukunyar Mutum Goma Sha Huɗu

Assalamu alaikum. Saƙonninku na wannan watan sun taru, wasu ta wayar jikana, wasu a rubuce a takardar littafin makaranta an ba direban motar kasuwa ya kawo. Wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri, shafin ne ba ya ɗauke su duka. Ga waɗanda yau suka fara karanta mu, ni ba likita ba ce. Ma'aikaciyar lafiya ce ta karkara. Na kama aiki a 1987, tun Jigawa tana cikin Kano, na ajiye a 2022, yanzu ina ƙauyenmu a ƙasar Ringim ina fama da awaki da jikoki. Abin da na gani da idona shi zan faɗa, wanda ya fi ƙarfina kuma in ce a tafi asibiti.

TAMBAYA: Gwaggo, barka da war haka. An auna maigidanmu an ce yana da hawan jini, wai 170 a kan 100, an ce ya rage gishiri da dunƙule. Mu biyu ne a gidan, ni ce amarya, kuma mutum goma sha huɗu ne ke cin tukunyarmu har da surukarmu. Ranar girkina na rage, aka ce miyata lami ce, yara suka bar tuwon, uwargida tana dariya. Ranar nata girkin kuwa har suɗe kwano ake yi. In ware masa tasa tukunyar ne? Itacen ma da ƙyar yake isar mu.
Daga wata amarya a ƙasar Gaya

AMSA: 'Yata, kada ki ware. Na ga an gwada wannan a gidaje ba adadi, kuma ban ga inda ya wuce sati uku ba. Itace zai ƙare, ke ki gaji, shi kuma maigida ya ga an mai da shi majinyaci a gidansa, ya ci loma biyu don kunyarki, bayan isha'i ya zarce wajen mai tsire ya cike gurbin da yaji mai gishiri. Kin yi wahalar banza ke nan.

Kuma ki duba waɗanda ke kewaye da kwanon. Surukarki, idan aka ɗaura mata abin awo yau, ba mamaki nata ya fi na ɗanta. Yaran nan da suka bar tuwon, harshensu yanzu yake koyon abin da zai nema har tsufa, kuma hawan jini yana bin gida. Gishirin da ya yi wa maigida yawa, ya yi wa kowa yawa, shi dai ne aka fara kamawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma ba na miya kaɗai ba, har da na burodi, da na yajin ƙosai, da na taliyar yara. Dunƙulen da kike murzawa kusan rabinsa gishiri ne. Farin magi da kanwa da manda, su ma duk dangin juna ne a wajen jijiyar jini. To mace ta jefa dunƙule shida, ta kawo farin magi, ta ɗebo gishiri da hannu, ta sa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi, sannan a kawo yaji a gefe. Ki lissafa.

Bari in ba ki labarin yayana, wanda muke ciki ɗaya. Manomi ne ƙaƙƙarfa, yana da shanun huɗa biyu. Ni da hannuna na auna shi, na ga ya haura 140 a kan 90, wato iyakar da ake cewa jini ya hau, nesa ba kusa ba, na sa aka rubuta masa magani. Ya sha wata biyu ya ce ya warke, ai ba ya jin komai. Ni ma na yi sakaci, na bar shi da "Yaya ka dai riƙa sha." Ranar wata shuka, ruwa ya sauka da asuba, ya fita da sungumi. Da hantsi aka kawo shi a amalanke, baki ya karkace, hannun dama yana lilo kamar ba nasa ba, yana kallona yana son ya kira sunana harshe ya ƙi. Shekara huɗu ya yi a kwance. Sa ɗaya ya tafi a kuɗin asibiti da gashin ƙashi, ɗayan ya bi shi da bazara. Matarsa ita ke juya shi, ita ke wanke shi, har bayanta ya riƙe. 'Yarsa da ke aji biyu a sakandare aka cire ta don ta kama wa uwarta aiki, ba ta koma ba. Gonar da ke ba da dami sittin ta koma ba da ashirin. Ciwon a jikin mutum ɗaya ya sauka, amma mutum tara ne suka biya.

Yanzu ga yadda za ki yi. Kuskurenki ɗaya ne, kin rage a rana guda. Harshe yana sabawa, amma a hankali, cikin 'yan makonni. Idan shida kike sawa, ki koma biyar na sati biyu, ba wanda zai gane. Sannan huɗu. Gishirin kuma ki daina ɗiba da hannu, ki samu murfin kwalba ya zama ma'auni. Gurbin da aka bari ki cike shi da abin da iyayenmu suka sani tun ba a kawo dunƙule ba: daddawa mai kyau wadda aka daka da citta da masoro da kanumfari, albasa da yawa, tafarnuwa, ɗan busasshen kifi. Miyar kuka da ta ji daddawa ba ta roƙon komai. Gishirin da za ki saya kuma ya zama na leda mai sinadarin hana maƙoƙo.

Saura babbar magana, wato abokiyar zamanki. Girki a gidan mata biyu gasa ce, kowa ya sani, kuma muddin ke kaɗai kike ragewa, ke ce za ki riƙa faɗuwa. Kada ki je mata da wa'azi. Ki sa maigida ya kira ku ku biyu a gaban mahaifiyarsa, ya faɗi abin da aka gaya masa a asibiti da bakinsa, ya ce ma'auni ɗaya yake so a tukunyar kowa. In da hali ya tafi da uwargida ranar komawa awo ta ji da kunnenta. Ba ta fi ki son zama da mijin da ba ya iya ɗaga hannu ba. Ki bar mata girman, ki ce "Yaya, ke za ki nuna mini yadda ake haɗa daddawar." Za ki sha mamaki.

Maganinsa kuma kullum ne, ko yana jin garau. Hawan jini yakan zauna shekaru bai ce uffan ba. Zoɓo marar sukari yana ɗan taimakawa, amma ba ya zama a madadin ƙwayar asibiti. Ya riƙa zuwa awo ko sau ɗaya a wata, yana rubuta lambar a bayan katinsa.

TAMBAYA: Hajiya, ina da shagon kayan masarufi a bakin titi. Shekarata 46. Da ina noma, yanzu yara nake biya. Tumbi ya fito, mutane suna cewa hutu ne ya kama ni, amma ko buhun sukari na ja sai haki. Wai sai na riƙa gudu da gajeren wando kamar 'yan bariki? A garinmu za a ce na taɓu.
Daga wani ɗan kasuwa a Ɗambatta

AMSA: Alhaji, ba sai ka sa gajeren wando ba. Abin da ake nema minti 150 ne a mako na motsin da zai sa ka ɗan yi gumi, numfashinka ya ƙaru amma kana iya magana. Rabin awa ke nan sau biyar. Ka ajiye babur in za ka masallacin Juma'a. Bayan sallar asuba ka taka zuwa gonarka ka dawo, wa zai ce mai duba gonarsa ya taɓu? Ka ja maƙwabcinka ku riƙa tafiya tare, don wanda ake jira a ƙofar gida ba ya komawa barci. Randa ake noma, ka karɓi fartanya ka yi kunya biyu tare da yaran, za su ma fi yi maka aiki.

Ka samu igiya ka auna tsawonka daga ƙasa zuwa ka, ka yanke, ka ninka ta biyu. Idan ninkin bai zagaye cikinka ba daidai saman cibiya kaɗan, kitsen ya wuce wuri, kuma irin wannan kitsen ne ke jawo ciwon suga da hawan jini. Ka je a duba maka su biyun kafin ka fara, tunda ka ambaci haki. In tafiya tana sa ka ciwon ƙirji, ka tsaya ka ga likita.

Af, ka kuma duba cikin gida. Tunda injin niƙa da na surfe suka shigo, turmi ya huta, matan da ba sa fita su ma sun zauna. Ba cewa nake a mayar da su dakan gero kwano goma ba, na san zafinsa. Amma in ka ga uwar 'ya'yanka tana zagaya tsakar gida da yamma, kada ka yi mata dariya.

TAMBAYA: Gwaggo Malama, matata ta kusa haihuwar fari. A wajen awo an ce mata ban da wankan tafasasshen ruwa, ban da kunun kanwa, kuma kada a ba jariri ruwa sai ya yi wata shida. Mahaifiyata ta ce ita haka aka yi mata ta haife mu mu tara, kuma ta riga ta sa an tara itacen jego. Ba na son in saɓa mata, ba na kuma son in cuci matata.
Daga wani malamin firamare a ƙasar Ɓaɓura

AMSA: Ɗana, Allah ya sauke ta lafiya. Ka fara da sanin cewa mahaifiyarka ba mugunta take nufi ba. Tsarin jego da ta gada yana da alheri mai yawa: kwana arba'in mace ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ana ba ta nama da romo, akwai tsohuwa a kusa da ita dare da rana. Matan birni da yawa suna neman wannan ba su samu ba. Kada ka taɓa shi. Abu biyu kawai za a gyara.

Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura matan Hausawa suna yawan zuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka kuma alaƙanta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Kanwar nan tana tara ruwa a jiki kamar gishiri, zafin kuma yana ƙara wa zuciya aiki, alhali zuciyar ta gama ɗaukar nauyin wata tara. Na sha ganin mai jego da ƙafa kamar turmi, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari cikin dare, tsofaffi suna cewa sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta. Na kuma wanke ƙunar da ganyen wanka ya yi wa yarinya a gadon baya, fata ta saluɓe, ba ta iya ko goya ɗanta.

To a yi wankan, amma a sirka ruwan har sai wadda za ta yi mata ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bar shi a ciki. A yi kunun, amma na gyaɗa ko na tsamiya, ko na geron ba kanwa. Idan ka ga kumburin ƙafa ko fuska, ko haki, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jini mai yawa, ko zazzaɓi, ba a jira gari ya waye. Tun yanzu ka san mai motar da za ka buga wa waya, ka kuma ware kuɗin mai a ajiye. Haihuwar kanta a yi ta a asibiti, musamman ta fari. Je ka ga ɓangaren masu yoyon fitsari a asibitin Jahun, yawancinsu doguwar naƙuda ce a gida ta kai su.

Batun jariri kuwa, dakashin nan mai ruwan ɗorawa da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne, shi ne rigakafinsa na farko. A sa shi a nono cikin awar farko. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, ko a zafin watan Afrilu ya ishe shi. Uwar za a ba ruwa ta sha ta ƙoshi. Ruwan randa a cikin jaririn kwana uku, shi ne gudawar da muke gani.

Yadda za ka shawo kan Hajiya: kada ka ce mata "malaman asibiti sun ce," za ta ji kamar an ce ba ta iya ba. Ka roƙe ta ta raka surukarta awo na gaba, ka kai su da kanka. Tsohuwa ta fi jin magana daga bakin mace mai furfura irinta. Ni da yawan kakannin da suka fi yi mini gardama, su suka dawo suna hana maƙwabta ba jarirai ruwa. Itacen da aka tara kuma ba zai yi asara ba, akwai girkin suna.

TAMBAYA: Gwaggo, 'ya'yana ba sa cin abinci sai da lemon kwalba, babansu ne ya saba musu in ya dawo daga kasuwa. Yana da illa?
Daga Maman 'yan biyu, Wudil

AMSA: Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi goma sha biyu ko fiye. Ki zuba cokali goma sha biyu a kofi ki ajiye a gaban babansu, ki ce ya ba yaro ya shanye. Wannan adadin shi ne iyakar abin da aka yarda babban mutum ya sha a yini guda, balle ɗan shekara biyar. Haƙori yake ci, ya kuma toshe cikin yaro ya ƙi tuwo. Tsarabar ce ba ya son ya daina, kuma yana da gaskiya, uba yana son a tare shi da gudu. Ya canza ta: ranar Juma'a kasuwarku ba abin da babu, ga kankana, ga gwaiba, ga goruba, ga rake, ga ƙwai. Ke kuma in za ki yi zoɓo ko kunun aya, kada ki rama abin da aka rage, don na san hannunmu da sukari.

TAMBAYA: Mama, mu ƙungiyar samari ce ta ƙauyenmu, mu 23. Duk damina sai amai da gudawa ya ɗauki mana yara. Muna tara ɗari biyu-biyu duk mako. Wasu sun ce mu sayi magunguna mu ajiye, wasu sun ce mu jira gwamnati ta yi mana burtsatse. Me kika gani?
Daga sakataren wata ƙungiya a ƙasar Kafin Hausa

AMSA: Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Wasiƙarku ta tuna mini da kurkunu, wanda na san yawancinku ba ku taɓa gani ba. Lokacin da na kama aiki, da damina sai ka shiga ƙauye ka tarar da majiya ƙarfi a zube a gindin bishiya, kowa da ƙafa a kumbure, farin zare yana leƙowa daga gyambo, an naɗe bakinsa a jikin tsinke ana murzawa kaɗan-kaɗan kullum don kada ya tsinke. Wani tsawonsa ya kai mita guda. Mutum ya sha ruwan tafki bana, sai baɗi war haka tsutsar ta fito, daidai lokacin noma. A ƙidayar da aka yi wajen 1988, an samu sama da mutum 650,000 da shi a Najeriya. Ciwon nan ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da me aka kashe shi? Da ƙyallen tace ruwa a bakin tulu, da hana mai gyambo shiga tafki, da rijiyoyi. Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter sun yi ta yawo a kansa, amma matar da ke tace ruwa kowace safiya ita ta yi aikin. An ga na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, a 2013 aka ba Najeriya shaidar rabuwa da shi.

Abin lura shi ne, da gida ɗaya ne ya tace ruwa, sauran suka ci gaba da tsoma ƙafa a tafki, da har yau yana nan. Amai da gudawa ma haka yake. Bayan gidan mutum ne ke komawa bakin mutum, ta ƙuda, ta hannu, ta ruwan sama da ke wanke bayan gari ya zuba a rijiya. Kana iya zama mai tsabtar duniya, in maƙwabcinka yana tsugunawa a bayan katangarka, ƙudansa ba ya neman izini kafin ya sauka a tuwonka. Kun ga abin da kwalara ta yi mana a 2021 a Jigawa da Kano da Bauci.

A watan Oktoban 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. Na yi murna, don na san wahalar da aka sha. Amma a daminar 2022 ɗin ce ambaliya ta cinye garuruwa a ƙasarku da tamu, kuma masai na ƙasa shi ke fara ruftawa. Takardar shaida ba ta sake haƙa rami. Don haka ga inda zan sa kuɗinku in ni ce.

Ku zagaya gida-gida ku ƙirga waɗanda ba su da masai ko nasu ya rufta. Za ku tarar yawanci gidajen zawarawa ne da tsofaffi da makarantar allo. Ku yi musu aikin gayya, ƙarfi naku, kuɗin ya tafi a siminti da murfi. Ramin ya yi nesa da rijiya kamar mita 30, kuma ta gangare, ba ta inda ruwa ke biyowa zuwa rijiyar ba. Ku ɗaga bakin rijiyar gari ku yi mata daɓe da murfi, a bar guga ɗaya a rataye, a daina jefa na kowa da kowa da aka ajiye a ƙasa. A ƙofar kowane masai a ajiye buta da sabulu, in babu sabulu toka ma tana yi. Kashin yara kuma, da ake cewa ba komai ba ne, a juye shi a masai, don ya fi na manya ɗaukar cuta. Wannan sai kun bi ta hannun mata, ku nemi ungozomar garinku. Kada ku fara komai ba ku je wa dagaci da liman ba. Magana ɗaya a huɗuba ta fi muku yawon wata guda.

Maganin da na yarda ku ajiye shi ne garin gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc, a ba mutum biyu ajiya, ɗaya a kowane ɓangaren gari, waɗanda za a iya tasa da tsakar dare. In na ledar ya ƙare, a haɗa na gida: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, wato cikin ledar fiya wata biyu, da sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan ko yana amai, ana ci gaba da ba shi nono, ana kan hanyar asibiti. Ba ƙwayar cutar ce ke saurin kisa ba, ƙarewar ruwan jiki ce. Kafso da allurai ku bar wa ma'aikata. Burtsatsen kuma ku ci gaba da nema, ku rubuta, ku bi sawu, amma da cebur a hannu.

TAMBAYA: Hajiya, don Allah a sakaya sunana. Ina aikin yankan shinkafa da bugu a jinga. Abokai suka koya mini shan taramol don in daɗe ban gaji ba. Yanzu shekara biyu, in ban sha ba jikina kamar an yi mini duka, ga hamma ga zufa. Ina da mata da 'ya ɗaya. Ina son in bari.
Daga wani matashi a Kura

AMSA: Ɗana, wanda ya iya rubuta wannan ya fi rabin masu sha ƙarfin hali. Ƙwayar nan ba ƙarfi take ba ka ba, gajiyar take ɓoye maka, jikin yana ci gaba da lalacewa ba ka ji. Bashi ne kake ci a wajen gobe. Ciwon jiki da hamma da zufar da kake ji in ba ka sha ba, alamar jiki ya saba ne, kuma suna wucewa. Amma kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai bayan shekara biyu, yawanci wahalar ce ke mayar da mutum. A hankali ake ragewa, a hannun ma'aikacin lafiya. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau bai yi maka nisa ba, kuma ba sai wanda ya yi tsirara ake kaiwa can ba, wannan aikinsu ne na kullum. Mutanen Jigawa kuma akwai na Kazaure. Idan ka taɓa faɗuwa kana jijjiga, ka gaya musu tun farko, taramol yana kawo wannan.

Ka zauna ka lissafa abin da kake ba mai ƙwaya a mako, ka gwada shi da kuɗin kwanon wake. Sannan ka gaya wa mutum ɗaya da kake jin kunyarsa, ko matarka ko wanka. Ita matarka ta riga ta san akwai wani abu, tana ganin yadda kake fushi ba dalili, gara ta san sunansa. Ka kuma canza ayarin da kake fita aiki da su ko da kuɗin zai ragu, don ba a barin abu a tsakiyar masu miƙo shi.

Kada kuma ka gudu daga taramol ka faɗa haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda. Irin su diclofenac in aka mai da su abincin kullum suna cin ciki, suna kashe ƙoda, balle ga mai aiki a rana ba ya shan ruwa. Ka tafi gona da jarkarka, ka sha tun ba ka ji ƙishi ba. Fitsarinka in ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi maka kaɗan. Ka karya da abu mai nauyi, fura ko ɗanwake ko ɗumame, ba shayi da sigari ba. Ka sake rubuto mini bayan wata biyu, ina jira.

TAMBAYA: Malama, goro fa? Jikokina sun dame ni wai in daina.
Daga wani dattijo a Gumel

AMSA: Baba, abin da ke cikin gahawa mai hana barci shi ne a cikin goro. Yana sa bugun zuciya ya ƙaru, yana ɗan ɗaga jini na wani lokaci. In kana da hawan jini ko gyambon ciki, ko barci yana yi maka wuya, jikokinka sun fi ka gaskiya, ka rage, kuma ban da bayan la'asar. In kuwa an auna ka lafiya lau, ɓari ɗaya da hantsi ba zai kai ka ko'ina ba. Ni ma da nake maganar akwai shi a ƙulle a bakin zanina, 'yata tana ganina tana harara.